Yadda Ake Gane Ma'anar Kalmar "Guide" da Zaɓen Wadda Za Ta Maye Gurbinta

Ɗalibin da ya ci karo da kalmar "guide" a littafin Turanci yakan buɗe ƙamus, ya ga an fassara ta da "jagora", ya rufe ƙamus ya ci gaba da karatu, yana ganin an gama magana. Fassarar ba kuskure ba ce, sai dai ba ta wadatar ba, domin Bature yana kiran mutum da wannan kalma, yana kiran littafi da ita, yana kiran kare da ita, har makami mai linzami ma yana siffanta shi da ita. Matakan da ke biye za su taimaka wa mai karatu da mai fassara su gane wace ma'ana ake nufi a cikin jimla, sannan su san wace kalma ce cikin 'yan uwanta za ta iya zama a gurbinta ba tare da ma'anar ta karkace ba.

Mataki na farko shi ne a gyara furuci, domin a nan ne Bahaushe ya fi tuntuɓe. Harafin "u" da ke cikin kalmar ba a furta shi, ana cewa "gaid" ne kawai, idan kuma aikin ya shige a ce "gaidid". Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne akwai wata kalma mai kama da ita a rubuce, wato "guard", wadda daga gare ta muka samo "gadi" da "maigadi". Maigadi tsaro yake yi, yana iya hana ka shiga, shi kuwa "guide" shigar da kai yake yi ya nuna maka wurin. Haka nan "guidance", wato shiriya ko nusarwa, daban take da "guardian", wato mai riƙon yaro ko waliyyinsa. Sau da yawa akan ga ɗalibi ya rubuta "parent or guidance" a takardar makaranta alhali mai riƙonsa yake nufi.

Mataki na biyu shi ne a duba aikin da kalmar ke yi a cikin jimla, ko suna ce ko aikatau. Idan "a" ko "the" ya zo gabanta, to suna ce, kuma daga nan sai a tambayi kai ko mutum ake nufi ko abu. Wanda zai shiga motar yawon ganin namun daji tare da baƙi a Yankari, yana nuna musu inda giwaye suka bi da hanyar da za ta mayar da su ruwan ɗumi na Wikki, shi ne "tour guide", kuma "ɗan jagora" ta dace da shi sarai. Amma ɗan littafin da ke zuwa a kwalin sabuwar waya, wanda aka rubuta "user guide" a bangonsa, ba mutum ba ne, don haka a Hausa sai a ce littafin bayanin yadda ake amfani da ita. Akwai kuma ma'ana ta uku da ake yawan mantawa, wato ma'auni ko abin kwatance, kamar idan ɗan kasuwa ya ce farashin bara "is only a guide", yana nufin ƙiyasi ne da za a ɗora lissafi a kai, ba farashin da aka yanke ba. Idan kuma an rubuta kalmar da babban baƙi, mai yiwuwa ƙungiyar 'yan mata ta Girl Guides ake nufi, wadda aka kafa a Ingila a 1910.

Mataki na uku, wanda shi ne zuciyar al'amarin, shi ne a riƙe asalin ma'anar kalmar a matsayin aikatau. Turanci ya aro ta ne daga tsohon Faransanci a wajajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma tushenta na can baya yana da dangantaka da sani. Wannan ya yi daidai da yadda ake amfani da ita har yau, domin wanda ya yi "guide" ɗinka ya san hanya, kai ba ka sani ba, yana tare da kai a tafiyar, kuma ba tilasta maka yake yi ba. Hausa tana da hoton da ya fi kowane bayani fito da wannan. Kalmar "jagora" kanta daga jan gora ta samo asali, wato yaron da ke riƙe da kan sanda yana tafe, makaho na riƙe da ɗaya kan yana biye. Makahon ne ya san inda yake son zuwa, ko kasuwa ko masallaci, yaron kuwa shi ya san inda kwata take da inda mota ke tahowa. Turawa ma karen da aka horar don wannan aiki "guide dog" suke ce masa. Duk wanda ya riƙe wannan hoto a ransa zai iya auna sauran kalmomin da shi.

Mataki na huɗu shi ne a auna kowace kalma mai kusancin ma'ana da tambayoyi guda uku: a ina mai nuna hanyar yake tsaye, yana da iko a kan mabiyansa ko ba shi da shi, kuma me ake tsoro a hanyar. Kalmar "lead" ita ce mafi kusa, amma mai yin ta yana gaba ne kuma galibi yana da iko. A ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a da, madugu shi ke yanke inda za a yada zango da ranar da za a tashi, to aikinsa "lead" ne, shi kuwa wanda aka ɗauka don ya san mashigar kogi da rijiyoyin hanya, aikinsa "guide" ne. Shi ya sa ake cewa liman "leads the prayer", ba a cewa ya yi "guide" ɗin salla. A kula kuma cewa shigaggen lokacin kalmar "lead" "led" ake rubuta shi, da haruffa uku.

Kalmar "direct", wadda ta ba mu "darakta", ba ta buƙatar mutum ya taka ƙafa ya bi ka. Idan ka tsaya a bakin titi ka tambayi mai shayi hanyar tasha, ya ce ka miƙe sai ka wuce gidan mai ka yi hannun dama, kwatance ya yi maka, kuma "direct" ita ce kalmarsa. Da a ce ya rufe teburinsa ya shiga gabanka har tasha, da sai a ce "guide". Ita kuwa "steer", wadda daga danginta muka samo "sitiyari", juya akala take nufi, ko ta mota ko ta jirgin ruwa ko ta zance, kuma wani lokaci tana ɗauke da ƙamshin dabara, kamar shugaban taro da ya karkatar da muhawara daga batun kuɗi ba tare da mahalarta sun ankara ba. Kalmar "pilot" a matsayin aikatau ta fi dacewa da hanya mai haɗari, kuma tun kafin a ƙera jirgin sama ana kiran ƙwararren da ke hawa babban jirgin ruwa ya shigar da shi tasha da wannan suna, aikin da har yanzu ake yi a tashoshi irin na Apapa a Legas.

Sauran ba su da wuyar rarrabewa. "Escort" rakiya ce, don tsaro ko don girmamawa, kuma ɗan rakiya ba lallai ne ya fi ka sanin hanya ba. "Usher" kai mutum ne mazauninsa a zauren taro ko na biki. "Conduct", wadda ta haifi "kwandasta", ta fi zama a rubutun hukuma. "Shepherd" daga kiwon tumaki ta fito, don haka ta dace da malamar da ke tattara yara ta tsallakar da su titi. "Mentor" kuma ita ce dangantaka mai tsawo tsakanin gogagge da sabon shiga, irin ta maigida da yaronsa a kasuwar Kantin Kwari.

Mataki na biyar shi ne a gwada musanyar a cikin cikakkiyar jimla kafin a amince da ita. Littafin jera kalmomi masu kusancin ma'ana, irin wanda Peter Mark Roget ya fara wallafawa a 1852, yana tara su ne wuri guda ba tare da ya ce daidai suke ba, kuma shafukan intanet masu wannan aiki haka suke yi. A ɗauki jimlar "She guided me through the form", wato ta bi da ni layi-layi har na cika takardar. Idan aka sa "led" maganar tana nan da ɗan sauyi, idan aka sa "escorted" kuwa ta lalace gaba ɗaya, domin ba a yi wa mutum rakiya a cikin takarda. A lura da ƙananan kalmomin da ke biye da ita ma, saboda "guide through" bi da mutum ne cikin abu mai sarƙaƙiya, "guide to" kai shi ne wani wuri, "guided by" kuma yin aiki ne bisa wani abu, kamar doka ko shawarar likita.

Mataki na shida na mai fassara zuwa Hausa ne, kuma a ganina nan ne aka fi yin kasala, domin "jagoranci" ta zama kalmar da ake cusawa ko'ina. Idan maganar addini ce, "shiriya" ake so, kuma masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci da "guide us" suke fassara roƙon shiriya da ke cikin Fatiha. Idan ofishin "guidance and counselling" na makaranta ne, ba da shawara da nusarwa ake nufi. "Guidelines" ƙa'idoji ne ko sharuɗɗan da hukuma ta shimfiɗa, "guided missile" kuma makami mai linzami. Kalmar "misguided" tana buƙatar kulawa ta daban, domin idan aka siffanta wani shiri da ita, ana nufin an gina shi a kan gurguwar fahimta ko da niyyar mai shi kyakkyawa ce, alhali "mislead" ɓatar da mutum ne ta hanyar ba shi bayanin da ba daidai ba, kuma wanda aka jefa da ita a jarida yana iya ɗaukarta a matsayin zargin yaudara.