Yadda ake farautar ragon dutse a Texas da yadda zaka dafa namansa yayi laushi

'Yan uwa mazauna Amurka musamman na Houston da Dallas, in kana da sha'awar farauta toh ga wata dabba da ya kamata ka sani, ragon dutse, wanda su a can suke kira aoudad. Asalinsa ba nasu bane, na wajenmu ne, duwatsun Arewacin Afirka da Sahara, har a duwatsun Ayar na Agadez akwai shi, da Ennedi a Chadi. An sake shi a New Mexico a 1950, sannan Texas ta saki nata a kwarin Palo Duro a 1957 da 1958, ƙasar ta karɓe shi ya hayayyafa har ya zama damuwa, yana cinye ma ragon dutsensu na asali ciyawa yana kuma shafa masa ciwon huhu. Amma a gida Afirka ƙarewa yake, don haka dan Allah kar wani ya karanta wannan ya nufi Ayar da bindiga, can gandun da aka kare ne, maganar nan ta Texas ce.

Fara da takardu. Tunda a Texas baƙuwar dabba ce, babu lokacin da aka rufe farautarsa kuma babu iyakar adadi, amma dole ka yanki lasisin farauta, kuma in an haife ka daga 2 ga Satumba 1971 zuwa sama sai kayi kwas ɗin mafarauta. Sannan kusan duk filin Texas na mutane ne, baka shiga sai da izinin mai fili, shi yasa yawanci ake biyan ɗan jagora. Ka tambayi farashin tunkiya, yafi na rago sauƙi sosai domin yawancin mafarautan can ƙaho suke nema, kai kuma in nama kake so tunkiya ko matashin rago shi ne zaɓi.

Wurin da suke da yawa shi ne yammacin Texas, wajen duwatsun Davis da Chinati. Ka tafi lokacin sanyi, ka samu takalmi mai kama dutse, ruwa mai yawa, da madubin hangen nesa mai kyau, domin rabin farautar zama ne. Kafin gari ya waye ka hau wuri mai tudu ka zauna kayi ta duban gefen duwatsu a hankali, kalarsa ja-ja ce irin ta ƙasar wurin, sai ka duba wuri sau uku baka ga komai ba sai da ya motsa. Idonsa yana da kaifi, in ka bi ta saman tudu inda jikinka zai fito fili shikenan garken ya tafi, kuma ka tabbata iska daga wajensu take kaɗowa zuwa gareka. Duka rago da tunkiya suna da ƙaho, ragon zaka gane shi da kaurin ƙaho da dogon gashin da ya zubo daga wuya zuwa ƙirji har ƙafafun gaba. Dabba ce mai taurin rai, bindiga mai girman harsashi .308 ko .30-06 ta isa, ka auna kan kafaɗa daidai domin zuciya da huhunsa suna gaba-gaba, in kuma nisan yafi wanda ka saba harbi toh ka haƙura ka matsa kusa, raunata dabba ta gudu ta mutu a rami ba abin alfahari bane. Kayi bismilla lokacin harbi, in ka iske shi da sauran rai ka yanka shi nan take.

Yanzu ga inda mafi yawa suke ɓata abin, har ake cewa wai naman ragon dutse baya ciyuwa, wasu su cire kai su bar sauran, wallahi abin yana min ciwo. Naman bashi da laifi, zafi ne ke lalata shi. Ka farke cikin nan da nan, kayi a hankali kar ka huda tumbi ko mafitsara, ka feɗe fatar kar gashin ya taɓa tsoka domin warin a jikin gashi da kitse yake, ka raba cinyoyi da karfata da naman gadon baya ka zuba a buhun yadi mai shan iska, a inuwa, da ka isa mota sai cikin kula da ƙanƙara, amma kar naman ya kwanta cikin ruwan da ya narke. A gida ka barshi a firiji kwana uku zuwa biyar zai saki. Sai ka zauna da wuƙa mai kaifi ka cire kitsen duka da farar yanar nan dake manne da tsoka, wannan aikin yana cin lokaci amma kar ka tsallake shi.

Naman gadon baya shi ne na tsire, ka yanka shi a gicciye ba bin tsawon tsoka ba, ka naɗe a dakakken ganyen gwanda kamar awa ɗaya in ka samu, ka shafa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji, wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, tunda bashi da kitse in ya daɗe zai bushe. Wuya da karfata da ƙwauri kuwa farfesu ne, ka tafasa ka zubar da ruwan farko, sannan ka zuba albasa, tafarnuwa, citta, kimba, masoro, kanunfari kaɗan, attaruhu da daddawa, ka rage wuta ka barshi awa uku ko fiye, tukunyar fresha kuma awa ɗaya ta wadatar. Wasu na jefa kanwa, ni nafi son a bashi lokacinsa kawai don kanwa tana canza ɗanɗanon romo.

In kuma tsohon rago ka samu, cinyarsa dambun nama zaka yi da ita, ka dafa da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, ka daka a turmi, ka soya da mai a hankali kana juyawa har yayi ja ya bushe. Kilishi ma yana karɓar sa sosai saboda rashin kitsen, sai dai bayan ka tsoma a labu ya sake bushewa ka tabbata ka gasa shi da kyau kafin a ci. Wanda kuma ya niƙa naman don yin ƙwallon nama ya haɗa shi da kitsen saniya kamar kashi ɗaya cikin biyar, ya dafa har cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Celsius.