Sitiyari na karkarwa in ka taka birki? Karanta wannan kafin ka sayi dis da fad

Wata Corolla 2006 da na riƙe shekara huɗu ita ta koya min yawancin abin da zan faɗa a nan. In ina gudu tamanin ko ɗari a hanyar Zariya na ɗan taɓa birki, sai sitiyari ya kama rawa a hannuna kamar ana tankaɗe, fedar birkin kuma tana turo ƙafata tana komawa. Na je gareji aka ce dis ne, wato faifan ƙarfen birki da ke juyawa tare da taya, ya lanƙwashe, na sayo sababbi guda biyu aka ɗaura, abin ya ɗauke ɗif, wata uku ba su cika ba sai ga shi ya dawo kamar ba a taɓa komai ba. A zuwa na biyu ne wani dattijon makanike ya cire dis ɗin ya kira ni, ya ce Alhaji zo ka gani, ya goga yatsa a fuskar hob inda dis ke zama, tsatsa ce ta yi ɓawo a gefe ɗaya har tana ɓarewa. Wato sabon dis aka ɗora a kan datti, tun ranar farko a karkace yake zaune.

To kafin ka kashe ko sisi fara tabbatarwa birkin ne. In motar na karkarwa a gudu tamanin zuwa ɗari ko ba ka taka birki ba, wannan maganar taya ce, balansin ko rim ya lotsa a rami, ka je wajen masu balansin. In sai ka taka take yi kuma a sitiyari kake ji, dis ɗin gaba ne. In a kujera kake ji ko jikin motar gaba ɗaya, duba na baya, motoci da yawa ma dram ne a bayansu ba dis ba. In kuma a kan tsakuwa ko yashi ka taka da ƙarfi ka ji feda na kakkarwa da ƙara gurr, wannan ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ke aikinsa, lafiya lau. Sannan a ɗaga motar a jak a girgiza tayar da hannu, domin boris da ya ci ko bol joyin ko tayarod ko bushin da ya mutu duk suna ƙara wa karkarwa ƙarfi, ka sa dis mai tsada duk iya tsadarsa ba zai yi maganinsu ba.

Maganar "ya lanƙwashe" ɗin nan da kowa ke yi, gaskiya ba kasafai haka ne ba. Dis ƙarfen zubi ne mai kauri, ba faranti ba ne. Abin da ya fi faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya, wani wuri ya fi wani, to duk zagaye ɗaya sai fad, wato abin da ke matse dis ɗin in ka taka birki, ya haɗu da tudu ya haɗu da kwari, shi ne kake ji a ƙafa da hannu. Kuma bambancin ɗan mitsitsi ne, kusan 0.02 na milimita ya isa ka ji shi, ko kaurin gashin kai bai kai ba, shi ya sa makanike zai kalla da ido ya ce maka lafiya ƙalau alhali ba lafiya ba.

Hanya biyu ke kawo haka. Ta farko ita ce wadda ta same ni, dis ya zauna a karkace saboda tsatsa ko yashi a hob, ko an ɗaure notin taya da injin iska ɗaya ya shiga tam ɗaya sako-sako, sai ya zama duk juyi yana ɗan shafar fad a wuri ɗaya ko ba ka taka birki ba, a hankali wurin ya cinye, bayan kilomita dubu kaɗan karkarwa ta fito. Ta biyu zafi ne. Ka sauko gangara irin ta Hawan Kibo ƙafarka na kan birki tun daga sama, ko ka yi birki mai ƙarfi daga gudu, dis ya yi jau, sai ka tsaya cak ka ci gaba da danne feda, to fad ɗin zai bar shafinsa a jikin ƙarfen, wani lokaci har za ka ga hoton fad ɗin sak a jiki ko tabo mai shuɗi-shuɗi. Kalifa, wato gidan da ke ɗauke da fad yana matse shi a kan dis, in ta maƙale ma haka take yi, tana riƙe fad a jikin dis kullum. Gane ta ba wuya, bayan tafiya ka kai hannu kusa da rim, kusa kawai kar ka taɓa dis ɗin wallahi zai ƙone ka, in ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai ko fad na ciki ya cinye na waje na nan da sauransa, fil ɗin kalifa ne ya bushe ko fistin ya cije.

Yanzu batun tsohon dis ɗin, a gyara ko a canza? Kowane dis akwai rubutu a gefensa ko a hularsa, MIN TH da lamba, shi ne mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, kuma a yawancin ƙananan motoci tsakanin sabo da wannan iyaka milimita 2 ne kacal ko kusa da haka. A kankare tsatsa a karanta, a auna da ma'auni a wurare shida zuwa takwas a zagaye, a ciki inda fad ke ci ba a bakin nan da ya yi leɓe ba. In akwai sauran nama kuma ba tsagewa, za a iya kai shi a sassaƙe fuskar a inji, abin da makanikai ke cewa sikimin, amma da sharaɗin bayan an gama bai gaza wannan lambar ba. Ni dai in ya kusa iyaka ba na yarda, domin siririn dis saurin ɗaukar zafi gare shi, matsalar za ta dawo da wuri. In ka ga tsaga ko ta yi ƙanƙanta, ko tabon zafi ya shiga jiki sosai, ba maganar gyara.

Wajen saye, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Panteka a Kaduna, kar ka je da sunan mota kawai. Tafi da lambar shasi, mai harafi da lamba 17 ɗin nan, in da hali tafi da tsohon dis ɗin a buhu. Corolla ta Amurka ta 2003 zuwa 2008 noti biyar gare ta, 'yar Turai ta wannan lokacin noti huɗu, ka ga suna ɗaya kaya daban. A gwada faɗi, kauri, tsayin hular da ramin tsakiya. Ka ɗaga sabon ka ɗaga tsohon, in sabon ya fi sauƙin nauyi ajiye shi, masu arha sukan rage kaurin bangon biyu su buɗa ramin iska da ke tsakaninsu, daga waje awo daidai amma ƙarfen da zai shanye zafi babu. Sunaye irin su Brembo, ATE, TRW, Bosch, Textar, da Advics ko Akebono na motocin Japan, kaya ne masu kyau, sai dai kwali ba shi ne kaya ba, jabu sun yi yawa, duba ko an buga lambar kaya da MIN TH a jikin ƙarfen kansa, kuma saya wurin wanda za ka iya komawa ka same shi gobe. Ɗan Kwatano na asali da aka auna aka ga da sauran kauri sosai, a ganina ya fi sabo marar suna. Masu huji-huji ɗin nan da samari ke so, kyan gani ne kawai a motar zuwa aiki da kasuwa, suna cin fad kuma sukan tsage ta bakin hujin, sayi mai fuska sumul. Kuma biyu ake canzawa, hagu da dama tare.

Fad kuwa sabo kawai, ban yarda da tsohon fad ba ko kyauta ne, kuma in ka sa sabon dis ka mayar da tsohon fad ka ɓata dis ɗin da hannunka, don tsohon ya riga ya ɗauki zanen wancan. Iri uku za ka fi gani. Akwai mai laushi da ake cewa oganik, shiru gare shi ba ya cin dis amma ba ya son zafi kuma yana saurin ƙarewa. Akwai mai haɗin ƙarfe, shi ne mai jure zafi da lodi, ya dace da 'yan haya masu Sharon da Hiace da mai yawan doguwar tafiya, sai dai yana baƙanta rim yana ɗan ƙara kuma yana cin dis. Sai siramik, tsabta da shiru da daɗewa, ya fi tsada, ya yi wa mai yawo cikin gari. Juya gefen fad ɗin ko bayansa za ka ga haruffa biyu a ƙarshen lamba a yawancin masu kyau, kamar EE, FF ko GG, na farko kamunsa a sanyi na biyu kamunsa a zafi, F yana nufin 0.35 zuwa 0.45, G ya fi shi. FF ya wadaci yawancin motocinmu, abin gudu shi ne irin FE, wanda kamunsa ke raguwa in ya yi zafi. Kayan kasuwar Turai kuma suna ɗauke da alamar R90, ma'ana an gwada kamunsa bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. In fad ya ragu zuwa milimita 3 a canza, kar a jira ƙarfe ya fara kuka a kan ƙarfe.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin, don a nan ake ɓata aikin. A goge fuskar hob da burushin waya da samfefa sai ta yi fes tana ƙyalli. Sabon dis yakan zo da ɗan mai a jiki don tsatsa, a wanke shi tas. A zaro fil ɗin kalifa a goge a sa masa giris na birki, na silikon, domin giris ɗin boris yana kumbura robar ya sake maƙalewa, kuma kar a bar kalifa na reto a jikin tiyon man birki, a rataye ta da waya. Ƙurar birki kar a hura ta da iska, a jiƙa a goge, ba ta da kyau a huhu. In garejin na da agogon awo mai allura a ɗora a juya dis ɗin, a motoci da yawa kada karkacewarsa ta wuce 0.05 na milimita, in ya wuce a cire a juya shi zuwa wani ramin noti a sake gwadawa. Notin taya a ɗaure a tsallake-tsallake kamar zanen tauraro, da sifana mai awo, Corolla da Camry 103 Nm (awon ƙarfin ɗauri ke nan), Accord da Civic 108, ba yaron gareji ya hau kan sifana da ƙafa ba. Man birki in ya kai shekara biyu a canza shi gaba ɗaya da irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, saboda yana shan danshi. Kafin ka motsa motar ka taka feda sau da yawa sai ta yi tauri.

Saura sabawa, wanda kusan ba mai yi. Nemi titi marar cunkoso, ka kai gudu sittin ka taka birki daidai-wa-daida har ka sauko wajen goma, kar ka tsaya, ka sake hawa, kamar sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar minti biyar zuwa goma ba ka taɓa birki ba don ya huce. Wannan ne ke shimfiɗa fad a fuskar dis bai ɗaya, za ka ɗan ji wari, ba komai. Kilomita ɗari biyu zuwa uku na farko a guji birkin gaggawa sai dole. A gangara sa ƙaramin giya inji ya riƙe motar, in ka tsaya bayan birki mai zafi ka ɗan sassauta ƙafa ko ka bar motar ta ɗan gusa, kuma in ka dawo daga tafiya kar ka wuce wajen wanki kai tsaye a watsa wa dis ruwan sanyi yana zafi, ba shi ko rabin awa tukuna.