Madubin bindigar farauta: sai da maɓallin parallax?

Ɗan uwa kafin ka zuba kuɗi a madubi fara duba nisan da kake harbi. Parallax shi ne ka ga giciyen saiti na cikin madubi yana gocewa daga kan abin da ka saita in ka motsa ido. Yawancin madubin farauta an riga an saita parallax ɗinsu a yadi 100 tun daga kamfani, to in dabba ba ta wuce mita 200 ba, madubi 3-9x40 (mai ƙara girman abu sau 3 zuwa 9, faɗin gilashin gabansa milimita 40) ya ishe ka wallahi, maɓallin gefen nan na gyara parallax ƙarin kuɗi ne da nauyi kawai. Amma in ƙarfin madubin ya haura 10x ko bindigar iska ce kake harbi kusa kusa, nan kam nemi mai maɓallin. Gwadawa ba wuya, kafe bindigar kar ta motsa, ka ɗan kaɗa kai kana leƙawa, in giciyen yana yawo a kan abin da ka saita to akwai matsala, juya maɓallin har ya tsaya cak.