Yadda zaka auna tsawonka a gida ba tare da ka yaudari kanka ba

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar aikin ɗan sanda sai kaga samari sun cika kafe ana cike fom, da an zo wajen tsawo kowa sai ya rubuta abin da ransa ke so, wai shi ƙafa shida, alhali ko tsayawa jikin bango bai taɓa yi ba. To ranar tantancewa ba ruwansu da abin da ka rubuta, awo zasu yi. A Najeriya ƴan sanda suna neman namiji ya kai mita 1.67, mace kuma 1.64, gara ka san matsayinka tun kana gida.

Abin da ake nufi da tsawo shi ne daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai, mutum na tsaye cak. Banda hula, banda takalmi, banda tulin suma. Hajiya ke ma a sauke ɗaurin nan, in kuma kitson ya yi tudu a tsakiyar kai to ki bari sai ranar tsifa.

Ka nemi tef ɗin tela ko na kafinta, da fensir, da littafi mai ƙwarin bango, sai wani da zai taya ka don in kai kaɗai ne wallahi sai ka ƙara wa kanka. Ka samu bango miƙaƙƙe inda ƙasan siminti ne ko tayil, ba kan kafet ko yashi ba. Haɗa ƙafafu, diddige da mazaunai da kafaɗu su taɓa bango, ka kalli gabanka sosai. Nan ne mutane ke kuskure, sai su ɗaga haɓa sama wai don su ƙara tsawo, alhali hakan ma sauke tsakiyar kan yake yi. Mai taya ka ya ɗora littafin a kanka, gefe ɗaya ya kwanta jikin bango kar ya karkace, ya danna kaɗan ya yi alama a ƙasan littafin. Sai a auna daga ƙasa zuwa alamar. A yi sau biyu ko uku.

In tef ɗin inci yake nunawa, inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya kuma inci 12. Kenan ƙafa 5 da inci 6 ya kama santimita 167.6, ka tsallake da ƙyar, amma ƙafa 5 da inci 5 santimita 165 ne kacal.

Wani abin mamaki, da safe ka fi tsawo. Akwai ƴan fayafayai masu laushi tsakanin ƙasusuwan gadon baya, yinin da kake a tsaye nauyin jiki na matse su, kafin dare ka rage santimita ɗaya ko biyu, in ka kwanta su dawo. Saboda haka in kana bibiyar girman yaro a riƙa auna shi lokaci ɗaya kullum. Ɗan ƙasa da shekara biyu kuma a kwance ake auna shi, yadda ake yi a asibiti ranar awo.

To me ke sa wani zanƙalele wani gajere? Mafi yawa gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, masana na cewa kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin daga jini yake. Likitoci ma suna da wani lissafi: haɗa tsawon uba da na uwa a santimita, in yaron namiji ne ka ƙara 13, in mace ce ka cire 13, sai ka raba biyu. Uba 172, uwa 160, ɗan zai kama wajen 172.5, ƴar kuma 159.5. Kirdado ne fa, yana iya hawa ko sauka da kamar santimita 8.

Ragowar kuma abinci ne da lafiya, kuma ni nan ne ya fi damuna. Ƴan Koriya ta Kudu da ta Arewa jini ɗaya ne amma na Kudu sun fi tsawo, cima ce ta raba su. Mu nan binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma arewa abin ya fi ƙamari. Kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa shekara biyu, su ne komai. Nono zalla wata shida, bayan nan a daina ɗura wa yaro koko tsura, a sa masa ƙuli-ƙuli ko waken suya a kunu, ƙwai, kifi, wake, zogale, a yi rigakafi, a kula da ruwan sha don yawan gudawa na cinye girman yaro.

Masu tallan maganin ƙara tsawo a Facebook kuwa, riƙe kuɗinka. Ƙarshen ƙashi inda yake tsiro yana rufewa ne bayan balaga, mata wajen shekara 14 zuwa 16, maza 16 zuwa 18 ko sama kaɗan, da ya rufe shikenan, ko ka yini kana lilo jikin ƙarfe. Amma in yaro ne ƙarami kaga shekara ta zagayo alamar fensir ɗin bata motsa ba, ko ƙannensa duk sun wuce shi, ka ɗauki awon da ka rubuta da kwanan watansa ku je wajen likitan yara.