Yadda ake bin sawun mai a tsohuwar a-kori-kura kafin a kwance kafireta

Fijo 404 da 504 da aka haɗa a Kaduna, da Datsun, da Hilux ta da, har yau su ne ke kwasar buhunan gero da riɗi zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, su kai awaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Masu shan fetur a cikinsu duk kafireta gare su, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Da zarar mota ta fara sarƙewa ko ta mutu a hanya, sai direba ya ce kafireta ce, a kama kwance ta a kan rairayi. Sau da yawa ba ta da laifi. Ko dai man bai iso gare ta ba, ko ya iso da datti. Don haka daga tanki ake faro bincike, ita ce ta ƙarshe.

Kafin ka zubar da ko ɗigon fetur, fara tabbatar da akwai wuta. Zare wayar fulogi ɗaya, ka riƙe ta da filaya mai hannun roba kusa da jikin inji, yaron mota ya murza makulli. In ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, wuta lafiya. In babu, maganar mai ba ta taso ba, koma kan koyil da kontak, masu ba fulogi wuta. Da an fara kwance tiyo kuwa, ba taba sigari, ba gwajin tartsatsi, kuma a aje bokitin yashi kusa.

Sai ka cire tukunyar iska da ke saman kafireta, inji a kashe, ka leƙa maƙogwaronta, ka ja totur da hannu sau biyu ko uku. Ya kamata ka ga fetur ya yi tsartuwa siririya zuwa ciki. In ya yi, akwai mai a kofin kafireta. In shiru, kusan ko da yaushe man bai zo ba ne, sai ka nufi baya.

Buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji ya ja iska fuu, kuma motar ta tashi bayan nan, ƙaramar kafar da tanki ke shaƙar iska ta toshe. Alamarta ita ce mota ta yi tafiya kaɗan ta mutu, ta huta, ta sake tashi. Masu toshe bakin tanki da leda da tsumma su suka fi gamuwa da wannan.

Filtar mai ita ce inda matsalar ƙauye ta fi taruwa. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, direbobi da yawa lita biyar ko goma suke zubawa, tanki kullum a gindi. Tankin da ya shekara talatin yana da tsatsa da laka a ƙasa, ga hanyar burji tana girgiza shi, ga man 'yan bumburutu da ya kwana a jarkar da ba a san me aka taɓa zubawa a ciki ba. Cire filtar, ka juye abin da ke cikinta a farar gora, ka bari ya kwanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi a ƙasa ya ware. Jan gari kuma tsatsa ce. In ka ga ɗayansu da yawa, canjin filta kaɗai ba zai kai ka mako ba, dole a sauke tanki a wanke. Filta ba ta da tsada, a ganina duk mai bin kasuwannin ƙauye ya kamata ya aje guda biyu a aljihun mota. Wajen ɗaurawa duba kibiyar da ke jikinta, bakin kibiyar ya kalli inji. Bi tiyo kuma da hannu: robar da ta tsage kafin famfo ba lallai ta ɗiga ba, iska take ja, man ya riƙa yankewa. Kada ka zuƙi fetur da baki, in ya faɗa huhu yana iya kwantar da mutum a asibiti.

Daga nan sai famfon mai da ke jikin inji. Zare tiyon da ya shiga kafireta, ka sa bakinsa cikin gora, ka cire wayar wutar koyil, a murza makulli. Lafiyayyen famfo bul-bul yake turo mai da ƙarfi. In ɗiga yake, robar cikinsa ko bawul ɗinsa sun gaji. Zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. In kana jin fetur, ko man ya haura layi, robar ta fashe, fetur na gangarawa cikin inji. A canja famfo, a canja baƙin mai a ranar, in ba haka ba metal, wato matashin da sandar inji ke juyawa a kai, zai tafi.

Akwai matsalar da ke zuwa da bazara kawai. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, mota da lodi a cikin yashi, fetur kan tafasa a famfo ya zama tururi. Jiƙa tsumma da ruwa ka ɗora a kan famfon na ɗan lokaci. In ta tashi, ka gano ta, sai a nisanta tiyo daga salansa. Jarkar da ake ɗaurawa a saman mota a jawo tiyo kai tsaye ta isa gwaji, ta isa ta fitar da kai daga daji, amma masu mayar da ita tanki na dindindin da gobara suke wasa. Wanda zai sa famfon lantarki kuma ya nemi na kafireta. Ita ƙarfin turin man da take so bai wuce bar 0.3 ba, famfon motar injekta kuwa yana kai bar 3, zai danne allurar da ke tsayar da mai in kofin kafireta ya cika, man ya yi ambaliya.

In mai yana isowa tsaf, to yanzu ne za a taɓa kafireta. Fulogi zai gaya maka inda ta karkata. Baƙi ƙirin mai gawayi, ga baƙin hayaƙi a salansa, mai ya yi yawa: duba ko cok, mai rage iska in inji ya yi sanyi, ya maƙale, ko ƙurar hunturu ta toshe filtar iska. Fari fat, ga tari ta bakin kafireta in an taka totur, mai ya yi kaɗan. Hayaƙi shuɗi kuwa baƙin mai ne inji ke ci, kada ka wahalar da kafireta.

Shimfiɗa tsabtataccen buhu, ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance kowane noti. Ɗaga murfin, ka ciro fulot, abin da ke yawo a saman man kofi, ka girgiza a kunne. In ka ji mai a ciki, ya huje, nitsewa yake. Allurar da yake turawa, in bakinta ya ci ko ƙwayar yashi ta tokare ta, ita ke sa fetur ya riƙa zuba. Kwance jet-jet ɗin, ƙananan sukurori masu ramin da mai ke bi, ka wanke da fetur, ka kai wa mai faci ya hura musu iska. Kada a zura musu waya ko allurar ɗinki. Tagulla ce mai laushi, ramin yana ƙara faɗi, daga ranar motar ta zama mashayiya. Motar da ke gudu lafiya amma ta mutu da an ɗaga ƙafa, jet ɗin silo, wato na gudun inji in ba a taka totur ba, shi ne ya toshe, ko gaskit ɗin gindin kafireta yana jan iska.

Saiti sai inji ya yi zafi. Murɗa sukurun silo ciki a hankali har ya taɓa, ba tare da ka matse ba, ka dawo da shi zagaye biyu. Tayar da mota, ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan har ka sami inda ƙarar ta fi daidaita, sannan ka rage gudun da sukurun totur zuwa wajen zagaye 800 ko 900 a minti. In ka yi duk wannan silo ya ƙi zama, kama sandar totur ka jijjiga. In tana rawa a mazauninta, iska ke shiga ta nan, kuma saiti ba ya maganinta. Sai a nemi wata kafireta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada gindi da lambobin jet.