Kafin ku hau dutse, ku ƙirga awa, ba kilomita ba

Jama'a, ku zaɓi hanya daidai ƙarfin mafi rauni a cikinku.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa babba yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. Hawa ne ke cinye lokaci: duk mita 100 na tsayi, ku ƙara minti 10. Saukowa kuma ita ke sa ciwon gwiwa.

In da yara ko dattawa, ku zagaya gindin dutse, awa ɗaya ta isa. Dutsen Bima na Jihar Gombe kuwa sai masu ƙwari, kuma da ɗan gari a gaba. Ku fita bayan asuba, kowa da ruwa lita 2.

Lissafin nan ba ya aiki da damina, dutse santsi yake yi. Haka ma zafin Maris da Afrilu.

Wajen Kaltungo a Jihar Gombe, don Allah a sa rufaffen takalmi, kububuwa na laɓewa ƙarƙashin duwatsu.