Kurakuran da aka fi yi wajen karanta waƙoƙin jaruman Girka da Rum

Akasarin waɗanda suka san labarin yaƙin Taroy ba daga bakin Homa, mawaƙin Girka da ake jingina wa Iliyad da Odisi, suka ji shi ba. A fim suka gani, ko a taƙaitaccen littafin makaranta, sai su ɗauka duk abin da ake faɗa kan yaƙin yana cikin Iliyad. Tuntuɓen farko ke nan. Iliyad waƙa ce mai littafi 24 da layi sama da 15,000, amma ba ta bi yaƙin shekara goma daga farko zuwa ƙarshe ba. 'Yan makonni kawai ta ɗauko a shekarar ƙarshe: ta buɗe da fushin Akilis, babban jarumin Girkawa, bayan shugaban rundunarsu Agamemnon ya ƙwace masa Biriseyis, matar da ya samu a ganima, ta rufe da jana'izar Hekta, jarumin Taroy. A lokacin garin bai faɗi ba, Akilis yana da ransa, dokin katakon da Girkawa suka ɓuya a ciki suka shiga garin kuwa ko ambatonsa babu. Mai neman dokin ya duba Odisi, littafi na 4 da na 8, ko ya wuce littafi na 2 na Iniyad, waƙar Birjil mawaƙin Rum, inda Iniyas mutumin Taroy ke ba sarauniya Dido labarin daren da garinsu ya ci wuta.

Haka zancen diddige. Kowa ya ji cewa uwar Akilis ta tsoma shi a kogin Sitikis yana jariri, jikinsa ya daina jin ƙarfe sai wurin da ta riƙe. Homa bai faɗi haka ba. Zancen tsomawar a waƙar Sitatiyus ya bayyana, mawaƙin Rum na ƙarni na farko Miladiyya, ɗaruruwan shekaru bayan Homa. A littafi na 21 na Iliyad mashin Asterofayus ya yanki Akilis a hannun dama, jini ya zuba. Wannan kuskure ba ƙarami ba ne, don in ƙarfe ba ya kama mutum, ina jarumtar take? Kuma me zai sa uwarsa ta je wurin maƙerin alloli ta roƙo masa sabon sulke da garkuwa? Maganinsa shi ne, kafin ka jingina wani labari ga mawaƙi, ka tambayi kanka wace waƙa, wane littafi.

Inda aka fi zamewa, kuma inda ya fi damuna, shi ne batun ƙaddara. Mai karatu yakan shigo da fahimtarsa ta addini ya ɗora wa waƙar, ko kuma ya yanke cewa jaruman nan ba su da ta cewa, alloli ne ke juya su yadda suka ga dama. Duka biyun sun kauce. Allolin Girkawa da yawa suke, suna faɗa da juna, suna son kai, kuma babbansu Ziyus kansa yakan tsaya cak a gaban abin da aka riga aka yanke. Dubi littafi na 16. Ɗansa Sarfedon zai mutu a hannun Fatrokulas, aminin Akilis, Ziyus yana kallo daga sama, zuciyarsa ta rabu biyu, yana shawarar ya ɗauke shi da rai ya mai da shi ƙasarsa Lisiya. Matarsa Hera ta ce masa in ya ga dama ya yi, amma sauran alloli ba za su yaba ba, kuma kowa zai tashi ya ceci nasa ɗan. Sai ya haƙura, ya zubo ɗigon jini a ƙasa don girmama yaron. Homa bai warware mana ko Ziyus zai iya karya ƙaddara ba. Ya dai nuna mana yana so, kuma bai yi ba.

Su mutanen kuwa zaɓi ne a hannunsu, kuma waƙar ba ta ɓoye wannan ba. A littafi na 9 Akilis ya gaya wa 'yan aiken Agamemnon abin da uwarsa Tetis ta faɗa masa: in ya tsaya ya yi yaƙi ba zai koma gida ba amma sunansa ba zai mutu ba, in ya koma gida zai yi tsawon rai babu suna. A daren har cewa ya yi da safe zai loda jiragensa ya tafi. Bayan an kashe amininsa Fatrokulas, Tetis ta gaya masa ƙarara cewa da zarar Hekta ya mutu shi ne na gaba. Ya ji, ya ɗauki makamai ido buɗe. A farkon Odisi ma Ziyus yana ƙorafin cewa mutane na ɗora wa alloli laifi alhali wautarsu ce ke ja musu wahala fiye da rabonsu, ya ba da misali da Egistus, wanda aka aika wa gargaɗi kada ya kashe Agamemnon ya yi kunnen uwar shegu. Mutanen Odisiyus, jarumin Odisi, da hannunsu suka kwance jakar iskoki ana hangen tsibirinsu Itaka, da hannunsu suka yanka shanun allan rana. Saboda haka duk inda ka ci karo da annabci a waƙoƙin nan, kada ka tsaya a kansa. Nemi abin da mutumin ya yi bayan ya ji.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar jarumi a matsayin mutumin kirki. Akilis ya sa uwarsa ta roƙi Ziyus a karkashe 'yan uwansa Girkawa don a san darajarsa. Ya huda ƙafafun gawar Hekta ya ɗaura a keken yaƙi yana ja cikin ƙura, ya yanka samarin Taroy 12 a wurin ƙona gawar Fatrokulas. Hekta kuma, wanda ake kira abokin gaba, shi ne muke gani a littafi na 6 ya miƙa hannu zai ɗauki jaririnsa, yaron ya tsorata da gashin dokin da ke kaɗawa a kan kwalkwalin, ya fashe da kuka, uban da uwar suka yi dariya, Hekta ya cire kwalkwalin ya ajiye a ƙasa sannan ya sumbaci ɗansa. Mutumin nan dai shi ne ya zagaya ganuwa sau uku yana gudun Akilis. Mai neman nagari da mugu a waƙar nan zai rasa gane littafi na 24, inda tsoho Firiyam, sarkin Taroy kuma uban Hekta, ya shiga tantin Akilis da dare, ya sumbaci hannayen da suka kashe masa 'ya'ya, su biyun suka zauna suna kuka, kowa na tuna nasa.

Wasu kuma na gajiya da maimaici, Akilis mai saurin ƙafa, Odisiyus mai dabaru da yawa, su ce mawaƙin ya rasa kalmomi. Wanda ya saba jin makaɗan fada suna jero kirarin sarki bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba: waƙar baka ce, a gaban jama'a ake rera ta. Masani Milman Parry ya nuna yadda irin waɗannan jimloli ke taimakon mawaƙi ya cika ma'aunin layi, ya kuma je Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935 ya naɗi mawaƙan baka masu irin wannan salo. Karanta da murya, za ka ji amfaninsu.

A ɓangaren Rum kurakurai biyu ne ke yawo. Na farko, cewa Iniyas ne ya kafa birnin Rum. Bai kafa ba. Labiniyum ce tasa, ɗansa Askaniyus ya kafa Alba Longa, Rum kuwa sai zamanin Romulus, a shekarar 753 kafin Miladiyya bisa lissafin Rumawa. Na biyu, cewa Birjil kwafar Homa kawai ya yi don faranta wa sarki Agustus. Gaskiya ne ya ɗauko yawon teku daga Odisi da yaƙi daga Iliyad ya haɗa a littafi 12, amma jaruminsa daban ne. Akilis sunansa yake nema, Iniyas nauyin al'umma aka ɗora masa, ya fito daga wuta da tsohon ubansa a kafaɗa. Da zai bar Dido a Kartaj ya gaya mata ba da son ransa yake neman Italiya ba, ita kuma ta kashe kanta. A ƙarshen waƙar abokin gabansa Turnus ya faɗi yana roƙo, Iniyas ya fara sassautowa, sai ya ga ɗamarar Fallas, saurayin da Turnus ya kashe, rataye a kafaɗar Turnus ɗin, ya soke shi cikin fushi. Nan waƙar ta tsaya. Ban ga yadda mai yabon sarki kawai zai rufe waƙarsa haka ba. Birjil ya rasu a shekarar 19 kafin Miladiyya bai gama gyaranta ba, Agustus ne ya sa aka fitar da ita.

A kuma yi hattara da mayar da waƙa tarihi. Heinrich Schliemann ya haƙa tudun Hisarlik a Turkiyya yana neman Taroy, ya sami zinariya a 1873 ya ce taskar Firiyam ce, daga baya aka gano ta girmi zamanin da ake kyautata zaton an yi yaƙin da kusan shekara 1,000. Garin ya wanzu, an gina shi hawa-hawa an rushe, amma ƙasa ba ta fito da sunan Akilis ko Hekta ba.

Wanda tsawon Iliyad ya tsorata shi ya fara da littafi na 1, 6, 9, 16, 22 da 24, sannan ya koma ya cike gibin. A tashin farko ya tsallake jerin jiragen ruwa na littafi na 2, don a nan masu karatu da yawa ke ajiye waƙar ba su sake ɗauka ba.